Abin da Iliya Ya Bar Mini a Kano

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya riƙe ni har na iya tsayawa a gabanku yau. Sunana Talatu, ina koyarwa a firamare, ina zaune a Yalwawa, nan Dutse. Da yawanku kun fi sanina da matar marigayi Iliya mai gyaran famfon burtsatse.

Shekara tara muka yi da aure babu haihuwa. Daga baya muka je wani asibiti a Kano inda ake dashen ƙwai. Su ɗebi ƙwan mace su haɗa da na miji a waje, idan ya zama ɗan tayi su mayar da shi cikin mahaifa. Guda uku aka samu mana. Aka dasa na farko bai zauna ba, na biyu ma haka. Na ukun aka daskarar da shi, likita ta ce mu huta tukuna.

Muna cikin hutun nan Iliya ya fita aiki ta wajen Kiyawa, motarsu ta yi hatsari. Gawarsa aka kawo mini.

Kun zo mini gaisuwa, Allah ya saka muku. Amma makoki ya ƙare, aka naɗe tabarmi, kowa ya koma harkarsa. Maganar Kano kuwa ni da Iliya kaɗai muka sani. Da ya tafi sai ta zama tawa ni ɗaya. Ina zuwa sujada, ina rera waƙa tare da ku, amma zuciyata tana wani ɗaki mai sanyi a Kano.

Bayan shekara na koma wurin likitar. Ta tuna mini cewa tun Iliya yana da rai mun amince, idan ɗayanmu ya rasu, wanda ya rage shi zai yanke shawara. Na ce ina so a dasa.

Ta ce, "Malama Talatu, guda ɗaya ne, kuma ba za a sake samun wani ba. Kafin mu taɓa shi ina so mu gwada bangon mahaifarki."

Ta yi mini bayani cewa mahaifa ba kullum take karɓar ɗan tayi ba. Akwai 'yan kwanaki kaɗan da take shirye, kuma na wasu matan yakan zo da wuri ko ya makara. Zan sha ƙwayoyi, in yi allurai, daidai kamar za a yi dashen, amma ba za a dasa komai ba. Ranar da ya kamata a dasa, sai su tsinko ɗan ƙaramin nama daga bangon mahaifar su aika a bincika.

Ta ƙara da cewa, "Ba kowa gwajin nan yake taimaka wa ba. Ba zan yi miki alkawari ba."

Ban taɓa ganin watan da ya yi mini tsawo irin na gwajin nan ba. A da Iliya ne yake yi mini allurar, yana tsokanata cewa gyaran famfo ya fi sauƙi. Yanzu sai in kulle ƙofa, in juya wa madubi baya, in soka wa kaina. In fita makaranta ina ɗingishi, in aka tambaya in ce ƙafa ce. Duk wahalar nan kuma ba don ciki ba, don gwaji kawai.

Ranar tsinko naman, nas ta leƙo ta ce, "Wa ya rako ki? Ya shigo ya riƙe miki jaka."

Na ce, "Ni kaɗai ce."

Na rungume jakata a ƙirji har aka gama. Na shiga motar Dutse marata tana murɗawa, aka cusa mu mu huɗu a baya, matar da ke gefena tana ta ba jaririnta nono. Na juya fuska wajen taga har muka iso.

Aka ce sakamako sai bayan makonni. A jiran nan ne tsoro ya kama ni sosai. Idan gwajin ya nuna mahaifata tana makara fa? Idan kuma cikin ya zauna, me zan ce wa mutane? Matar da mijinta ya rasu fiye da shekara, ga ta da ciki. Na san abin da za a kira ni, na san abin da za a kira ɗan.

Wata Asabar da rana ina wanki, na ɗauko rigar aikinsa da na kasa bayarwa. Na ƙura mata ido. Na durƙusa nan gefen baho, hannuna duk kumfa. Ban roƙi ɗa ba ranar. Cewa na yi, "Ubangiji, na gaji da zama ni kaɗai. Ka ba ni mutum ɗaya." Ban ji murya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma kafin in tashi, fuskar mahaifiyar Iliya ta tsaya mini a rai, ta ƙi gushewa.

Washegari bayan sujada na hau motar Jahun, daga nan na ɗauki babur zuwa ƙauyensu. Na sami Mama a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Tun rasuwar ba ta cika magana ba. Na zauna a ƙasa na faɗa mata komai, ina jiran ta ce na yi abin kunya.

Ta ɗago kai ta dube ni. Sannan ta ce, "Na Iliya ne?"

"Nasa ne, Mama."

"Yanzu yana ina?"

"Yana Kano, sun ajiye shi cikin sanyi."

Ta ture farantin gyaɗar gefe. "Shi kaɗai a can, ke kaɗai a nan, ni kaɗai a nan. Tashi ki ɗauko mini mayafina."

A ranar ta biyo ni Dutse da ƙullin kayanta. Ita ta kai ni wurin Baba Fasto, ita ta yi yawancin bayanin. Ya saurara, ya yi tambayoyinsa, ya yi mana addu'a.

Sakamako ya fito. Likita ta ce mahaifata tana makara da kwana ɗaya, don haka za a ƙara mini yini guda na magani kafin a dasa. Na tambaye ta ko shi ya sa na farko da na biyu ba su zauna ba. Ta ce tana zato, amma ba ta da tabbas. Ni ma har yau ban sani ba, na bar wa Allah.

Ranar dashen Mama tana zaune bakin ƙofa tana addu'a da ƙarfi, har nas ta roƙe ta ta sassauta murya. Cikin ya zauna. Haleluya!

Da ya fara fitowa, wasu suka daina amsa gaisuwata. Ban riƙe kowa ba, ba ku sani ba ne. Kun tuna ranar da Mama ta miƙe a zumuntar mata, ita da ba ta taɓa magana a taro ba, ta ce, "Cikin nan na ɗana ne. Mai tambaya ya zo wurina."

Ga yarinyar can a bayan Mama, sunanta Godiya. Har yanzu akwai yammacin da nake jin ƙarar babur a ƙofar gida in ɗaga kai ina zaton Iliya ne, sannan in tuna. Wannan bai warke ba tukuna. Amma gidan akwai mutane a ciki yanzu.

Ina gode wa Yesu da bai bar ni a gefen bahon nan ba. Idan akwai wadda take zaune a nan da abin da ta kulle wa ƙofa, 'yar'uwa, ki dogara gare shi, ki faɗa masa yadda yake. In ya nuna miki wanda za ki je wurinsa, ki tashi ki je. Amin.