Dutse da Goro a Tashar Malumfashi

A tashar Malumfashi, Rahab mutuniyar Ƙarfi tana jiran mota ta cika, za ta kai wa 'yarta ƙuli-ƙuli a sakandare. Wani dattijo mai fataucin goro ya zauna a gefenta.

"Baiwar Allah, me ake koya wa 'yan mata a can?"

"Har da fiziks, Baba. 'Yata Liatu ta ce in ka saki dutse da goro daga sama, tare za su iso ƙasa."

"Haba! Shekara talatin ina sauke kaya, mai nauyi shi ke fara faɗuwa."

"Ni ma haka na ce, sai da ta gwada mini a tsakar gida."

Dattijon ya tattare riga, ya tsinci dutse, ya hau benci ya sake su. Tare suka dira. Ya maimaita har sau uku, Rahab tana ta dariya.

"Ikon Allah! Malamin nasu Bature ne?"

"Ɗan Tsiga ne, Baba."

Ya kaɗe goron, ya tsaga, ya miƙa mata rabi.

"Jikata Hajo ta ci jarrabawar sakandare, na ce ba za ta ba. Bari in bi ki in ga makarantar nan da idona."