Kumburin Angon Asabar

A bencin jiran likita a Badarawa, wani dattijo ya dubi saurayin da ya kasa haɗa ƙafafunsa.

"Samari, gwaiwa ce?"

"A'a, Baba. Famfon ƙara girman gaba na saya. Da na ga kumburi sai na ƙara zuƙa, na ɗauka aiki yake yi. Ga ɗaurin aurena ranar Asabar."

"Ruwa ne ya taru a ƙarƙashin fata, ba girma ba. Ka ajiye famfon, ka faɗa wa likita gaskiya. In ba ka taɓa jijiya ba, yakan sauka da kansa."

"Baba, ma'aikacin asibiti ne kai?"

Dattijon ya gyara zama a hankali, yana cije leɓe.

"Tela ne ni, yaro. Wannan ne zuwana na biyu."