Ƙarfen Auna Kitse da Yatsun Inna

Tunkiya guda Inna tas sayar kasuwar Gummi, da kuɗinta nis shiga mota zuwa Kaduna. Kai Sanusi ɗan ƙanena, bar dariya, lokacin ubanka ko wando bai iya ɗaurewa ba. Ranar da zan tahi, Inna tak kama bayan damtsena da yatsu biyu, tam matsa, yadda Baffa ka matsa gindin wutsiyar bijimi in zai saye. Tac ce in dai na dawo ƙasa da haka, to ni da ci-rani har abada.

Na samu leburanci wata masaƙa, muna ɗaukar dilar auduga. Abinci kuwa gari da ruwa, sahe da marece, don ina tarin abin da zan riƙo gida. Mai gidan da nike haya, wani masifaffen tsoho, kullum sai ya ce ni ka ƙarar mishi da ruwan famfo. Nic ce mishi, "Alhaji, yi haƙuri, ruwan ga shi na abincina."

Wata rana homan, wato babban leburori, yac ce gobe likita za ta zo ta auna kitsen kowa. Kitse fa! Ni ɗan masu shanu, na san mi auna kitse ka nuhi: mai ƙiba a aje, ramamme a rabu da shi. Hankalina ya tashi ƙwarai, don in anka kore ni sai gida, kuma Inna tana jira da yatsunta. Sai nit tuna dabarar dillalai, su ba bijimi kanwa ya yi ta shan ruwa har ya cika kahin ciniki. Da sahe nij jiƙa kanwa nis sha, nib bi ta da ruwa kwano huɗu, nis sa riga uku. Ina tahiya cikina na ƙugi awa tulu bisa jaki.

Likitar, wata 'yar ƙaramar mata mai tabarau, ko kallon cikin ba ta yi ba. Tas sa nit tuɓe rigunan duka uku, leburori na ta dariya. Sannan taf fiddo wani ƙarhe mai baki awa awartaki, da ɗan agogo jikinshi. Kalifa sunanshi, mu dai Ɗan Cizo munka sa mishi. Tat tattaro fatar bayan damtsena, daidai inda Inna tak kama, wallahi daidai wurin, ƙarhen yac ciza, allurar agogon tam motsa. Tay yi haka ƙarƙashin allon kafaɗa da kuma kwiɓi. Tad duba wata takarda, tac ce in an raba jikina kashi ɗari, ga ɗan abin da yar rage na kitse.

Yara, ba ta yanka ni ba, ba ta leƙa cikina ba, amma ta san abin da ke ƙarƙashin fata. Tsikar jikina ta tashi. Har yau in na tuna sai in ce ikon Allah.

Tad dube ni ta saman tabarau, tac ce, "Ruwa ba kitse ba ne. Ba korar ka za a yi ba, amma in ba ka ci abinci ba, zazzaɓi guda ya ishe ka."

Na ji daɗi ba a kore ni ba, amma kun san taurin kaina. Nac ci gaba da garina da ruwa har damina tak kawo jiki.

Na iso gida da rediyo, da turmin atamfa, ina cikin babbar riga wadda tas sha sitaci, na buɗe kafaɗu don in cika ido. Maƙwabta na ta hwaɗin birni ya karɓe ni. Inna ba ta dubi rediyon ba. Tam matso, taz zura hannu cikin rigar, tak kama bayan damtsena. Ita babu agogo, babu takarda. Tad daɗe tana riƙe da wurin.

Tac ce, "Mamman, ina sauranka?"

Kunya ta rufe ni. Inna taɗ ɗauki jakar tahiyata tar rataye ɗakinta, tas sa anka dama min fura da nono. Jakar ga tana nan rataye har ranar da tar rasu.