Kawu da Jifan Goruba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki, kai da masu sauraro. Ni ce Saratu daga Bungudu.

Kawuna ya dawo gida bayan ya daɗe yana aiki a Kudu. Tun da ya dawo, kullum da hantsi sai ya kafa kara uku a bayan rumbu, ya ja da baya, ya taho da ɗan gudu, ya wulwula hannu ta saman kai, ya jefe su da goruba. Tsoho fa, da furfurarsa! Inna ta ce aljanun Kudu ne suka biyo ɗan'uwanta. Hankalinmu ya tashi, har muka ɗauko malamin ruƙiyya daga Tsafe ba tare da saninsa ba.

Da Kawu ya ji abin da ya kawo malam, sai ya yi dariya har da hawaye. Ya shiga ɗaki ya fito da tsohon hoto, ga shi cikin fararen kaya da tutar Najeriya. Ya ce, "Wasan kurket ne, Saratu, na jifan sanduna uku da ƙwallo. Da yatsun nan nake murza ƙwallo, ta dira nan ta karkace can. Na buga wa ƙasar nan a Ghana da Gambiya. Wa ya taɓa tambayata a cikinku?"

Malam mai gabatarwa, wallahi ranar na yi ajiyar zuciya, ga kuma kunya. Masu sauraro, hoton ya fara dishewa, yaya ake adana shi?

Ina gaida ƙawata Balkisu ta Tudun Wada, Gusau, wadda na gaya wa cewa Kawu ya zautu. Balkisu, lafiyarsa ƙalau. Mu ne ba mu tambaya ba.