Kwalbar da ta fara ƙarewa

Mai girma Magajiyar Gari, Madam Ghislaine Vasseur, shugabanmu kuma dattijonmu, Baba Firmin Delattre, da uwargidansa Mama Léontine, 'yan kwamiti, maƙwabtanmu na ƙauyukan kewaye da suka tsallako cikin ruwan sama, 'yan uwana membobin wannan ƙungiya ta masu son giyar inabi, maza da mata, tsofaffi da masu tasowa: barkanku da zuwa, barkanmu da sake ganin kaka.

Ni ce Odile Carpentier, mai kula da sayayyar ƙungiya. Kafin komai ina godiya ga Magajiyar Gari da ta ba mu wannan zaure, ga masu girki da suka wuni a kan tukunyar naman sa, da kuma Thibaut direbanmu, wanda ke kai mu ya dawo da mu kowace shekara bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa.

Jama'a, mu mutanen arewa ne. Ƙasarmu dankali take bayarwa da alkama, ba ta ba da inabi. Ba mu da gonar da za mu je mu saya, ba mu da aljihun masu sayen manyan sunaye. Abin da muke da shi shi ne watan Satumba, lokacin da manyan kantuna ke buɗe kasuwar giyar inabi su karya farashi. Abu uku nake so in faɗa a kan wannan.

Na farko, jar giya mai daraja tana nan a kanti, amma ba ta zama daidai idon mai wucewa. Ku sunkuya, ku duba ƙasa, ku duba bayan katan. Kada nauyin kwalba ya ruɗe ku, kada lambar zinariya da aka manna mata ta ruɗe ku, kada hoton katafaren gida a jikin takarda ya ruɗe ku. Sau da yawa gonar da ke maƙwabtaka da mai suna, ƙasarsu ɗaya, ranarsu ɗaya, amma farashinta bai kai rabi ba.

Na biyu, kada ku sayi katan kafin ku ɗanɗana kwalba. Wannan ita ce al'adarmu tun kafuwar ƙungiya. Ranar buɗe kasuwa mu shiga da safe, mu ɗauki kwalba ɗai-ɗai daga waɗanda muke zato, mu fito wurin ajiye motoci, mu buɗe bayan motar Thibaut, mu baza burodi da cuku, mu ɗanɗana a tsaye. Wadda ta ci, mu koma da gudu mu kwashe kafin mutanen birni su tashi daga aiki. Masu gadin kantin sun daina mamakinmu, har gaishe mu suke yi.

Na uku shi ne ya fi nauyi a zuciyata. Duk kun san cewa shekara da shekaru harshen Baba Firmin ne alƙalinmu. Shi zai shaƙa, ya kurɓa, sannan ya nuna kwalba da yatsa, mu kuwa mu bi. Kun kuma san ciwon da ya kwantar da shi lokacin sanyin bara. Ya tashi, mun gode Allah, amma hanci da harshe ba su tashi tare da shi ba. Da na je masa da maganar tafiyar bana, sai ya ce mini: “Odile, 'yata, ki bar ni. Miyar albasa da ruwan wanke-wanke duk ɗaya ne a bakina. Ku nemi wani shugaba, ni na gama.” Raina ya ɓaci matuƙa, don na san in ya bar ƙungiya, ya bar fita ke nan.

Mama Léontine ce ta leƙo daga kicin ta ce: “Ka gama me? Tashi, tsoho, kujerar nan har ta lotsa! In ba za ka sha ba, ai ka iya riƙe musu wuƙar cuku.”

Haka muka tafi da shi. Ya zauna a bayan mota da hularsa, babu kofi a hannunsa, mu kuma muka shiga aiki ba alƙali. Akwai wata kwalba mai nauyi, mai lambar yabo, daga Bordeaux, yankin da ya shahara da inabi. Kowa ya kurɓa sai ya ɗaga gira. Wannan ya ce ƙamshin itace, wancan ya ce ƙamshin fata, wata ta ce za ta yi shekara goma tana ƙara kyau. Baki ya zo ɗaya, har mun jawo kekunan sayayya za mu koma ciki.

Sai Baba Firmin ya buga wuƙar cuku a jikin mota, ya ce: “Kai, masu surutu! Ku ɗaga kwalaben nan sama in gani.” Muka ɗaga. Wadda muke ta yabo ko rabi ba mu sha ba. Wata kuwa daga kudu, mai farar takarda, wadda na ɗauko a ƙasa don kawai a cika lissafi, babu ko ɗigo a cikinta, kuma babu wanda ya ce uffan a kanta. Ya ce: “Bakinku ya yabi waccan, hannunku ya zaɓi wannan. Ghislaine, sau nawa kika ƙara? Kada ki yi mini ƙarya, ina kallonki.” Magajiyar Garinmu ta ce: “Baba, ai burodi nake korawa da ita!”

A hanyar dawowa ya ce mini a hankali: “Kin san shekarun nan duka hancina na cikin kofi, ban taɓa ɗaga kai na kalle ku ba? Ashe ku ma kun iya.”

Waccan kwalbar ta kudu ita ce a gabanku yanzu, kuma farashinta bai wuce na kazar kasuwa ba. Baba Firmin ya janye maganar murabus, amma da sharaɗi guda, shi ya sa kuka ga mun ɗauke kujerarsa daga tsakiya mun kai ta can kusurwa. Ya ce a zaunar da shi inda zai ga kowa. Har yau ba ya jin ɗanɗanonta, kuma wataƙila ba zai sake ji ba. Saboda haka ina roƙonku, in kun kurɓa, kada ku sunkuyar da kai, kada ku ɓoye fuska. Ku juya wajensa, don a fuskokinku zai sha tasa.

Allah ya ƙara wa dattijonmu lafiya, ya bar mana shi da uwargidansa. Allah ya albarkaci hannun da ya noma da hannun da ya dafa, ya tsare mu daga wuce kima, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.