Hawan Jinin Huhu Ya Raba Ni da Innata

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni ce Hauwa'u daga Kalgo.

Shekara uku Innata tana haki a Gwandu, muna cewa tsufa ne. Ashe ƙofar zuciyarta ce ta tsuke. Bara yayana ya kai ta Indiya, aka zura mata sabuwar ƙofa ta cikin jijiyar cinya. Ta dawo tana dariya, tana cewa, "Hauwa'u, ko ƙirjina ba su tsaga ba!"

Amma likita ya gargaɗi yayana cewa hawan jinin huhu ya riga ya gajiyar da zuciyar. Bayan wata biyar ƙafafunta suka kumbura, ta rasu a hannuna.

Yanzu ƙanwarta ma numfashi yana yi mata wuya. Don Allah ku tambayar mini likita, wane gwaji za mu nema tun da wuri?