Sharaɗin Inna

A tashar motar Ipoh, a ƙasar Malesiya, murna ta hana Rosdi zama, duk da shekarunsa saba'in da ɗaya. Ya miƙa wa wata mata takarda.

"'Yata, karanta mini, na manto tabarau. An ba mu gurbi a gidan yinin tsofaffi!"

"Barka, Baba! Gara ka huta."

"Ni? Wa ya ce miki na tsufa? Mahaifiyata ce za ta! Shekara tara ni ke ba ta magani, ni ke dama mata kunun shinkafa, kullum sai ta ce gishiri ya yi yawa. Ran Litinin ina ajiye ta, sai tafki kamun kifi. Har sabuwar fatsa na saya!"

Matar ta ƙura wa takardar ido.

"Baba, waye Rosdi?"

"Ga shi a gabanki."

"To, suna biyu ne a nan, nata da naka. An rubuta sharaɗin da Inna ta kafa."

"Wane sharaɗi kuma?"

"Wai ba ta zuwa ko'ina ta bar yaro shi kaɗai a gida."

Sai a lokacin Rosdi ya zauna.

"Duba mini da kyau, 'yata. Gidan yana da tafki?"